Hujin saman kunne kafin biki: zai warke ko ba zai warke ba?

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah ina da tambaya. Shekarata 22, a Gwammaja nake. Bikin yayata saura sati 7, ni kuma na daɗe ina sha'awar in ƙara huji a saman kunnena, can wajen guringuntsin nan, irin wanda 'yan mata suke yi yanzu. Akwai wani shago da suke yi da bindiga, minti ɗaya an gama. Amma ƙawata ta yi nata ya kumbura, har yanzu ba ta iya kwanciya ta ɓangaren, wata kuma wani ƙulu ne ya fito mata ta baya. In na yi yanzu zai warke kafin biki? Kuma me zan dinga sa mishi, sifirit ko man zafi? Mama ta ce mu man shanu aka sa mana muna jarirai."

Wa alaikumus salam ƙanwata. In na fahimce ki tambaya uku kika haɗa min, ko zai warke cikin sati 7, ko a yi da bindiga, sai kuma abin da za a dinga sawa. Bari na fara da wadda ta fi damunki tunda na san ita kike jira: ba zai warke kafin bikin ba, ko kusa. Hujin guringuntsi yana ɗaukar wata 6 zuwa shekara guda kafin ya warke daga ciki, kuma a sati 7 ɗin da kike lissafi hujin yana nan ɗanye. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro a nan Kano, kunnuwan da na wanke na naɗe saboda wannan hujin suna da yawa, shi ya sa zan ɗan tsawaita miki, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Abin da ya raba sama da ƙasa

Kai hannu ki taɓa ƙasan kunnenki inda aka huda miki kina jaririya. Kin ji laushi ko? Fata ce da kitse, kuma jini yana zagaya wajen sosai. Shi ya sa ungozoma ko wata tsohuwa a gida za ta huda da allura da zare, daga baya a sa tsinke, a shafa man shanu, cikin sati 6 zuwa 8 magana ta ƙare. Mama gaskiya ta faɗa miki, haka aka yi mana duka, sai dai ba man shanun ne ya warkar ba, jinin da yake wajen ne ya yi aikin.

To yanzu ki hau sama ki taɓa. Wannan abu mai tauri da yake lanƙwasuwa ya dawo shi ne guringuntsi, irin wanda kike tauna a ƙirjin kaza, fari tas. Kin taɓa ganin jini a cikinsa? Babu, ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Wani siririn tantani ne ya lulluɓe shi ciki da baya, ta nan yake samun abinci da iska kaɗan kaɗan. Duk matsalar daga nan take. Inda jini bai isa ba, ciwo ba ya saurin warkewa, sojojin jiki ba sa isa da wuri, ko maganin da kika sha ma da ƙyar yake kaiwa. Kuma in ƙwayar cuta ta shiga mugunya ta taru tsakanin tantanin da guringuntsin, sai ta raba su, guringuntsin ya rasa mai ciyar da shi ya mutu, kuma in ya mutu ba ya sake tsirowa. Kunnen sai ya tattare ya yi cukui-cukui irin na 'yan dambe da 'yan kokawa da suka sha bugu a kunne.

Akwai wata yarinya da har yau nake tunawa da ita, ɗalibar jami'a ce, kusan sa'arki. Ta huda ana saura 'yan kwanaki Sallah, da bindiga a wani shago, ba ta faɗa wa mahaifiyarta ba, hijabi ya rufa mata asiri. Da ya fara zogi ta shafa man zafi, da ya ƙi ta je kemis aka ba ta kafso, har fasa ɗaya ta yi ta barbaɗa a wajen. Ranar da aka kawo ta sai da muka jiƙa hijabin da ruwa kafin ya rabu da kunnen don ya manne da mugunya, saman kunnen ya kumbura yana ƙyalli kamar an hura balan-balan, barimar ta nutse a ciki ba a ganin kanta, amma ƙasan kunnen lafiya lau kamar ba abin da ya faru. Likita ya tsaga ya fitar da mugunyar, aka kwantar da ita aka yi ta allurai ta jijiya. Ta warke alhamdulillahi, amma saman kunnen ya lanƙwashe ya zauna a haka. Abin da ya fi ci min rai shi ne da ta zo tun kwana 2 da fara zafin, da ƙwayoyi kawai za a rubuta mata ta koma gida.

Kafin komai, duba jikinki da danginki

Wannan ƙulun da kika ce ya fito wa ɗaya ƙawar taki, abu biyu ne zai iya zama kuma mutane suna haɗa su. Akwai ɗan ƙurji mai laushi da yake fitowa a bakin hujin cikin makonnin farko saboda an dame shi, ko ana kwanciya a kai, ko ɗan kunnen bai dace ba. Wannan in aka gyara abin da yake damunsa yakan sace da kansa. Akwai kuma wanda muke ce wa kiloyid, wato tabon da ba ya tsayawa, jiki ya yi ta zuba nama a wajen har ya wuce iyakar ciwon. Shi yana da tauri, yana sheƙi, yana ƙaiƙayi, yakan makara kafin ya fito, wani sai bayan wata 3 ko ma shekara, kuma ba ya tafiya da kansa. Na ga kamar ƙwayar gyaɗa, na ga kamar goro, na ga wanda ya kai ƙwallon goruba yana reto a bayan kunne.

Mu baƙar fata ya fi kama mu, yana bin dangi, kuma ya fi fitowa tsakanin shekara 10 zuwa 30, kin ga ke kina tsakiya. Kar ki ce ai an huda min ina jaririya bai fito ba, hujin jarirai bai cika yin sa ba, na bayan balaga ne yake tono shi. Dan haka ki duba jikinki da kyau, shaidar allurar rigakafi a kafaɗa, tabon ƙonewa, tabon ƙuraje a ƙirji ko baya, akwai wanda ya tashi ya yi tudu? Ki tambayi Mama, ki duba yayyenki, in akwai wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ki tambaye ta yadda ɗinkin ya warke. In kin samu ko mutum ɗaya a gidanku mai irin wannan tabon, ni shawarata ki haƙura da hujin nan gaba ɗaya, wallahi ba wasa nake ba. Maganinsa wahala ne, allurar sitiroid ake yi a cikin ƙulun kusan duk wata kuma tana da zafi sosai, in aka yanke shi kawai ba a haɗa da wani magani ba yawanci dawowa yake, wani lokacin ya fi na da girma.

Haka in kina da ciwon suga, ko sikila, ko ciwon zuciya, ko kina shan maganin da yake tsinka jini, ko akwai juna biyu, sai kin ga likitanki tukunna.

Maganar bindiga

Na san bindiga ta fi sauƙi ta fi arha, kuma ita ce a ko'ina. Amma ki ɗauki barimar da ake ɗura mata ki kalli bakinta, ba kaifi gare ta ba, ƙarfi ne kawai yake tura ta ta fasa. A ƙasan kunne mai laushi ana tsira, a guringuntsi kuwa tana iya tsaga shi kamar kin buga ƙusa a busasshen faifai. Na biyu, jikinta roba ne, ba ya shiga tukunyar da muke turara kayan aiki a asibiti, wadda take kai zafin digiri 121. Iyakarta a goge da auduga da sifirit a ɗora wa na gaba, gogewa kuwa ba ta isa ta tabbatar miki an kashe ƙwayar ciwon hanta ba, kuma kin san yadda ciwon hanta ya yi yawa a cikinmu, da yawa masu shi ba su ma san suna da shi ba. Na uku, barimar bindiga gajera ce kuma maƙallinta na baya yana matsewa, kunne in ya kumbura ba shi da wajen numfashi, shi ne sai ta nutse.

Abin da ya dace shi ne allura mai rami a ciki, mai kaifi, sabuwa fil a ledarta, a farke a gabanki, a yi amfani da ita sau ɗaya a jefar. Mai yin ya wanke hannu ya sa safar hannu sabuwa, ya goge wajen da maganin kashe ƙwayar cuta, ya ɗiga alama ya ba ki madubi ki gani kafin ya huda. Ki tambaya kai tsaye, da me kuke tsaftace kayanku? In aka nuna miki kwalbar sifirit ko aka ce ana ƙonawa da ashana, ko aka ɓata rai dan kin tambaya, ɗauki jakarki ki fito. Kar ki bari ƙawa ta yi miki a ɗaki da allurar ɗinki, kuma kar a huda miki kunne biyu rana ɗaya, sai kin bar ɓangaren da za ki kwanta a kai. In kin daɗe rabonki da allurar titanus, ki yi ta.

Ɗan kunnen farko shi ma rabin aikin ne. Irin na fashan da muke saya a kasuwa yawancinsu akwai wani ƙarfe nikel a ciki, shi ne yake sa kunne ƙaiƙayi da tsattsafo da ruwa. Mai ruwan gwal ma ruwan yana ɓarewa. Ki nemi na ƙarfen titaniyom irin na asibiti, in bai samu ba to gwal na gaske daga karat 14 zuwa sama, mai santsi ba mai zane da zai riƙe datti ba. Azurfa ki bar ta sai ya warke, tana yin baƙi a cikin ɗanyen ciwo har ta rina fatar. Miƙaƙƙe mai shafaffen baya ya fi zobe, dan zobe yawo yake yana shiga da datti, kuma ya zama yana da ɗan tsawo saboda kumburi, bayan sati 4 zuwa 8 in kumburin ya sauka sai ki koma wajen wanda ya huda ya sauya miki gajere da hannunsa.

Jinyarsa

Ba sifirit ba man zafi. Sifirit da haidirojin suna ƙona sabon naman da yake ƙoƙarin tsirowa, Dettol ya yi ƙarfi da yawa, su Robb da Aboniki ba a yi su dan buɗaɗɗen ciwo ba, man shanu da man kaɗe da basilin kuma toshe ƙofar suke su kama ƙura. Man goge baki, toka, tafarnuwa, duk na ga an sa, duk ki bar su.

Ruwan gishiri kawai. Mafi kyau ki sayi irin ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya, nomal salin, mai gishiri kashi 0.9 cikin 100, akwai shi a kemis. In bai samu ba ki tafasa ruwa kofi ɗaya, ki zuba gishiri kwatan ƙaramin cokalin shayi, ki bari ya huce, kuma kullum sabo za ki haɗa. Kar ki ƙara gishirin da sunan ya fi saurin aiki, busar da wajen zai yi ya tsage. Safe da dare, ki wanke hannu da sabulu, ki jiƙa gozi mai tsafta, wato farin ƙyallen da ake rufe ciwo da shi, ki ɗora ciki da baya na 'yan mintuna har ɓawon da ya bushe ya yi laushi ya fita da kansa, sannan ki tsane da tishu mai tsafta. Auduga tana barin zare ya naɗe a jikin ɗan kunnen, tawul kuma yana fizga. Tsanewar nan kar ki raina ta, ƙwayar cutar da ta fi lalata guringuntsi, Sudomonas, danshi take so.

Kuma dan Allah kar ki dinga juya shi. Na san haka aka koya mana, wai kar ya manne. Ba ya mannewa, duk juyawar da kika yi kina yaga sabuwar fatar da take shimfiɗuwa a cikin ramin ne kina tura ɓawo ciki.

Yanzu ga inda rayuwarmu ta nan take shigowa, kuma nan ne yawanci ake samun matsala. Hijabi mai roba da yake matse fuska yana danne saman kunne daidai inda hujin yake, ga gumi ga zafi, musamman daga Maris zuwa Mayu da gari yake kai digiri 40, ni a lura ta lokacin ne muka fi ganin kunnuwan da suka ruɓe. Ki nemi mai sakin fuska, na auduga, ki dinga wankewa akai akai, in kin dawo gida ki bar kunnen ya sha iska. Ɗaurin ɗankwali ki ɗaga shi sama da kunnen. In za ki cire hijabi ko riga ki sa tafin hannu ki kare wajen tukunna, mayafi mai raga ko mai duwatsu kuwa shi ne babban mai fizga. Lokacin hunturu in kin shiga adaidaita sahu ki rufe da mayafi sakwa-sakwa, kina isa gida ki ɗauraye ƙurar da ruwan gishirin. In kin je kitso ki faɗa wa mai kitson tun kafin ta ɗau mataji, man gashi da rilaksa da rini da turare da humra duk kar su taɓa shi. Waya ki koma ɗaya kunnen. In akwai ƙaramin yaro a gidan da kike ɗauka, ki kula da hannunsa.

Kwanciya ita ce ta fi ba mutane wuya. Dabarar da nake koya wa 'yan mata ita ce ki ɗauki zani ko tsohon ɗankwali mai tsafta ki naɗe shi kamar gammo, ki ɗora kan filo, ki sa kunnen a cikin ramin, ko kin juya cikin barci ba zai dannu ba. Rigar filo ki sauya duk bayan kwana 2 ko 3.

Alwala da wanka ba sa hana shi warkewa, ruwa mai tsafta ba ya cutar da shi, ki shafa a hankali ba tare da kin murza ba, ki tsane bayan kin idar. Ruwan da ya kwana a buɗe a bokiti ko ruwan wajen ninƙaya su ne abin gudu. Hukuncin yin hujin kansa a addini kuwa wannan fagen malamai ne, su za ki tambaya, ni ɓangaren lafiya na tsaya.

Yaushe za ki ruga asibiti

A kwanakin farko ɗan kumburi, ɗan zafi in an taɓa, da wani farin ruwa mai ɗan rawaya da yake bushewa ya yi ɓawo, duk wannan ba komai, haka warkewa take. Abin tsoro shi ne zafin da yake ƙaruwa maimakon raguwa, zogi kamar bugun zuciya da yake hana barci, kunne ya ɗau zafi in kin taɓa, kumburi ya bazu a saman kunnen ya bar ƙasan, mugunya mai kauri ko koriya ko mai wari, kaluluwa a wuya, zazzaɓi, ko ɗan kunnen ya fara nutsewa. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai, kar ki tsaya jiran ki ga ja, ki duba sheƙi da duhun wajen ki gwada shi da ɗaya kunnen a madubi. Yawanci cikin watan farko abin yake faruwa.

In kin ga haka ranar za ki tafi, ba gobe ba. Ki nemi ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro, akwai a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai a Asibitin Murtala. Dalilin da ya sa nake hana zuwa kemis shi ne Ampiclox da Amoxil da aka saba miƙo wa mutane ba sa kashe Sudomonas, sai ki yi kwana 5 kina sha kina ganin kina magani alhali guringuntsin yana ci. Likitoci sukan ba da dangin wani maganin kashe ƙwayar cuta da ake kira sifro, amma ba na faɗa miki ba ne dan ki je ki saya, yana da nasa sharuɗɗan, ba a ba kowa, kuma in mugunya ta riga ta taru ba ƙwayar da za ta fitar da ita sai an tsaga. Kar ki cire ɗan kunnen da kanki a gida, ƙofar tana iya rufewa a kan mugunyar, ki bari likita ya duba ya yanke shawarar cirewa. Ni daga nan ba na ganin kunne, kuma rubuta magani ba aikina ba ne, dan haka ƙawar nan taki da har yanzu ba ta iya kwanciya, ki ce mata ta je a duba ta cikin satin nan, ita ma mai ƙulun ta je tun yana ƙarami, ya fi sauƙin magani.

Batun biki kuwa, ki tuna me ake yi a satin. Ranar kamu ɗauri, ranar dina gwaggwaro mai ɗaure kunne tam na awanni, mai kwalliya da hoda da feshin gashi, rungumar 'yan uwa, gumi, kwana a gidan biki mutum biyar a katifa ɗaya, ga shi za ki so ki cire na jinyar ki sa wanda ya shiga da anko. Ɗanyen huji ba zai ɗauki wannan ba. Akwai 'yan kunnen saman kunne masu maƙalawa da ba sa buƙatar huji, ana samunsu wajen masu kayan kwalliya a Sabon Gari da manyan shaguna, a hoto ba mai bambance su, ki saya ki sa ki cire da dare. In an gama biki an kai amarya kin huta, kin bincika danginki ba mai kiloyid, kin samu mai yi da allura, sai ki zaɓi lokacin da ba ki da wani taro a gabanki na wata 2 ko 3 kuma zafin gari ya sauka, ki huda guda ɗaya a kunnen da ba kya kwanciya a kai. Allah Ya sanya alheri a bikin, ki gaishe min da Mama.